Zuwa da Wuri Ya Fi Zuwa da Wuri-Wuri?

Gabatarwa

Hausawa kan ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, wato wanda ya zo da kuɗi a hannu yakan riga wanda ya yi sammako samun biyan bukata. A wannan maƙala za mu auna wannan karin magana da wani al'amari da ake ganin ƙarami ne: keɓe wurin ajiye mota na musamman a bakin ƙofar filin wasa, a sayar da shi ga mai hali. A Amurka an daɗe ana sayar da irin wannan wuri daban da tikitin shiga, kuma gwargwadon kusancinsa da ƙofa gwargwadon tsadarsa. Tambayarmu ita ce: in aka kawo wannan tsari filin wasa na garin Kafanchan, an yi adalci ko an ci mutuncin talaka?

Abin da ido ya saba gani

Duk wanda ya taɓa halartar babban taro a filin Kafanchan, kamar Bikin Al'adun Kudancin Kaduna na watan Disamba 2023, ko wasa a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, ya san cewa wurin ajiye mota na musamman ba baƙon abu ba ne. Motar mai muƙami da ta mai sarauta sukan shige har gindin rumfa, sauran jama'a kuwa su bar nasu ababen hawa a bakin titi. Abin da ke buɗe ƙofa a nan shi ne alfarma da sanayya. Saboda haka, kafin mu yi tir da farashi, ya kamata mu yarda cewa yana da wata fa'ida da alfarma ba ta da ita: a rubuce yake, kowa ya san shi, kuma ba ya tambayar ɗan wane ne kai.

Darasin jirgin ƙasa

Kafanchan gari ne da ya bunƙasa sanadiyyar jirgin ƙasa, tun da ya zama mahaɗar layin dogo a 1927. Iyayenmu sun san jirgi mai taragu aji uku, kowane da kuɗinsa. Abin da ya sa wannan bambanci ya yi sauƙin haɗiya shi ne, kan jirgi ɗaya ne ke jan taragun duka, mai kujerar katifa da mai bencin katako kuma tare suke isa Jos ko Inugu. Mai kuɗi ya sayi jin daɗi, amma bai rage wa kowa tafiyarsa ba.

Wurin ajiye mota ba haka yake ba, domin fili ba ya ƙaruwa. Duk taku goma da aka killace wa mai biya, an ɗebe shi ne daga rabon mai babur da mai Keke Napep, aka tura su nesa. Nan ne tushen ƙorafin jama'a. Kuskure ne a kira shi hassada, tunda filin da dukiyar jama'a aka gina shi, kuma mutum yana da hujja in ya ji ciwon a sayar wa wani abin da shi ma yake da haƙƙi a ciki.

Abin da kuɗi ke ɓatawa

Malamin falsafa na Jami'ar Harvard, Michael Sandel, ya nuna a wani littafi da ya wallafa a 2012 cewa ɗakunan alfarma da ake ginawa a filayen wasa na Amurka sun raba attajiri da ma'aikaci, alhali a da rana ɗaya ke dukansu, ruwa ɗaya ke jiƙa su. Wannan magana ta fi nauyi a wurinmu. Garin da ya ɗanɗana rikicin 1987 da na 2011 yana bukatar dandalin da Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Hausawa da Fulani za su shiga ta ƙofa ɗaya, su yi sowa tare. Idan kuɗi suka raba ƙofar, an yi asarar abin da rasidi ba zai maido ba.

Duk da haka, fili ba ya gyara kansa. Ciyawa da fitila da makewayi da albashin masu gadi duk kuɗi suke ci. Idan mai mota ya biya, aka yi amfani da abin da ya biya wajen sauƙaƙa wa ɗalibi kuɗin shiga, to shi ma ya sa hannu a ɗaukar jinka.

Kammalawa

A ganinmu, ana iya karɓar wannan kuɗi bisa sharuɗɗa uku. Na farko, wuri mafi kusa da ƙofa ya zama na naƙasassu da tsofaffi da motar asibiti, ba a sayar da shi ko nawa aka taya. Na biyu, kada a killace wa mai biya sai an tanadar wa sauran jama'a wuri mai tsaro, kyauta ko a farashi mai rahusa. Na uku, a kafa allo a bayyana abin da aka tara da abin da aka yi da shi, domin gani ya kori ji, kuma mai muƙami ma ya biya kamar kowa. In an cika waɗannan, mai wuri ya sayi inuwa, mai zuwa da wuri-wuri kuma bai rasa mutuncinsa ba. In an kasa cika su, jama'a suna da gaskiya idan suka ce an mayar da filinsu kasuwa ba tare da an shawarce su ba.