Ɗanmu Za Shi Makarantar Hafsoshi

A karanta Luka 3:14 da 7:1-10. II Sama'ila sura 11 da 23:13-17.

Ran wata Lahadi, bayan an tashi daga sujada, wani dattijo manomin rake daga wajen Makarfi ya kama hannuna, ya ce, "Malam, taya ni murna. Yaron nan namu ya ci jarrabawa, an ɗauke shi Makarantar Hafsoshi ta Kaduna." Na taya shi murna ƙwarai. Da muka ɗan taka, sai ya rage murya, ya ce, "Amma uwarsa ba ta barci. Ta ce aikin soja aikin zub da jini ne, mai bi ba shi da rabo a ciki. Ni kuwa na ce mata Allah ne ya dube mu, wahalarmu ta ƙare. To, wa ke da gaskiya cikinmu?"

'Yan'uwa, wannan tambaya ba ta gidan dattijon nan kaɗai ba ce. Kowace shekara samarinmu na Ikara da Makarfi da Kudan suna neman shiga wannan makaranta, kaɗan kuwa ke samu. Ya kamata mu san inda mu ke aika su, mu kuma san abin da Maganar Allah ta ce a kan wanda aka danƙa wa takobi.

Makarantar da abin da a ke koya a ciki

Aikin soja ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Tun 1924 a ke horar da kurata a barikin Zariya. A 1954 aka buɗe makarantar yara ta soja a can. Ita kuwa Makarantar Hafsoshi, wadda a ke kira NDA, an kafa ta a Kaduna a 1964, hafsoshin ƙasar Indiya ne suka fara riƙe ta. Kafin wannan, yawancin hafsoshinmu sai an kai su waje su ke ƙare horonsu, wasu a Sandhurst ta Ingila. Daga 1985 ta soma karatun digiri kamar kowace jami'a, a 2011 kuma aka fara ɗaukar 'yan mata. Babban mazauninta yana Afaka, bayan garin Kaduna.

Mai shirin zama hafsan sojan ƙasa ya kan yi shekara 5, huɗu na karatu haɗe da horo, ta biyar ta aikin soja zalla. An rarraba ɗaliban bataliya bataliya, da sunaye irin su Burma da Mogadishu da Abyssinia, domin tunawa da wuraren da kakanninmu suka yi yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Tun da asuba begila ke tashe su. Ga gudu, ga fareti, ga harbi, ga karanta taswira, ga rawar daji da yunwa da rashin barci. Wanda ya riga ka shiga da shekara ɗaya tak, shi ne gaba da kai, in ya yi magana sai ka bi.

Me ya sa a ke matsa su haka? Ku mutanen Makarfi da Hunkuyi kun san rake. Kowane kara yana da kyau a tsaye cikin fadama, amma sai ya shiga injin matsa, ruwansa ya sha wuta, kāna a san wanda zai ba da mazarƙwaila. Ran da yaron nan zai fita da anini a kafaɗa, za a ba shi soja wajen talatin. Cikinsu akwai saje wanda ya haife shi, akwai masu mata da 'ya'ya. In ya ce a shiga dajin nan, za a shiga. Saboda haka a ke koya masa biyayya shekara da shekaru kafin a yarda ya ba da umarni.

Ko mai bi ya iya zama soja?

Bari mu fara da tsoron uwar yaron, gama ba tsoron banza ba ne. Sa'ad da Yohanna Mai Baftisma ke wa'azin tuba a bakin Urdun, sojoji suka zo suna tambaya abin da za su yi. Bai ce su tuɓe kayan soja su koma gona ba. Abu uku ya ɗora musu. Kada su ƙwaci abin kowa da ƙarfi, kada su ƙulla wa kowa sharri, su kuma gamsu da albashinsu. Ku tuna kuma, cikin Ayyukan Manzanni sura 10, gidan Karniliyus hafsan Roma ne Allah ya aiki Bitrus da Bishara, Ruhu Mai Tsarki kuwa ya sauko a kansu yana nan hafsa.

Mun kuwa ga abin da ke faruwa inda babu mai tsaro. Mun ga ƙauyukan jiharmu da 'yan bindiga suka tasa, mun ga gonaki sun zama saura domin ba mai iya zuwa. Wanda ya tsaya tsakanin kura da garke, aikin kirki ya ke yi. Uwa, ki kwantar da ranki a wannan gefe.

Amma baban yaron ma sai ya sake tunani. In dai murnarka ita ce ɗanka zai kawo dukiya, to, ka karya umarnin Yohanna na uku tun yaron bai ɗauki akwatinsa ba. Albashin ƙaramin hafsa ba ya gina gidan sama cikin shekara biyu. Iyayen da ke aika wa ɗansu da buƙatu kowane wata, su ne ke tura hannunsa cikin aljihun direba a shingen hanya, ko cikin kuɗin abincin sojojinsa.

Hafsan Kafarnahum

A Kafarnahum akwai wani hafsa, shugaban soja ɗari, wanda bawansa ya yi ciwo har bakin mutuwa. Ku duba halinsa. Bawa a zamanin nan kamar kaya ya ke, amma wannan hafsa ya damu da shi ƙwarai. Baƙo ne mai mulki a ƙasar wasu, duk da haka dattawan Yahudawa da kansu suka je wurin Yesu suna roƙo dominsa, suna shaida yana ƙaunar jama'arsu, har ya gina musu majami'a. Hafsa nawa ne mutanen garin da aka kai shi aiki za su yi wa irin wannan shaida bayan idonsa?

Da Ubangiji ya kusa gidan, sai hafsan ya aiko cewa bai isa a shigo ƙarƙashin rufinsa ba, magana kaɗai ta isa. Dalilin da ya kawo shi ne zuciyar wannan wa'azi. Kafin ya ambaci sojojin da ke bin umarninsa, sai da ya fara faɗa cewa shi kansa akwai na gaba da shi. Ya gane ikon da ke hannunsa aro ne. Sojoji suna jin maganarsa domin shi ma yana jin ta wani. Da wannan ido ya dubi Yesu, ya ga wanda cuta da mutuwa ke yi wa biyayya. Ubangiji ya yi mamakinsa, ya yabi bangaskiyarsa a gaban taro.

Makarantar Kaduna tana iya koya wa saurayi rabin wannan, wato bin na gaba da bin dokar ƙasa. Sauran rabin, wato sanin akwai Sarki bisa kowane janar, wanda zai tambayi jinin kowane mutum, a gida da cikin ekklesiya a ke koyonsa.

Dawuda sau biyu

Dubi sarki Dawuda. Wata rana yana ɓoye a kagara, Filistiyawa sun mamaye Baitalami garinsu. Ƙishi ya kama shi, ya yi marmarin ruwan rijiyar da ke bakin ƙofar garin. Jarumawansa uku suka ji, suka keta sansanin abokan gaba, suka ɗebo masa. Da ruwan ya zo hannunsa sai ya ƙi sha, ya tsiyaye shi hadaya ga Ubangiji, gama ya ga kamar jinin mutanen nan ne a cikin ƙwarya. Wane soja ne ba zai bi irin wannan shugaba har wuta ba?

Amma wannan Dawuda ɗin ne, da ya sami sarauta ya ji daɗi, ya zauna a Urushalima mutanensa suna bakin dāga a Rabba. Ya ɗauki matar Uriya, ɗaya daga cikin jarumawansa. Domin ya rufe laifinsa, ya rubuta wa Yowab sarkin yaƙi takarda a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Uriya da hannunsa ya kai takardar mutuwarsa. Ku buɗe sura 23 ɗin nan da ke ba da labarin ruwan Baitalami, ku karanta sunayen jarumawa har ƙarshe. Sunan Uriya ne na ƙarshe.

Mutum ɗaya ne, horonsa ɗaya, ƙarfinsa ɗaya. Ran da ya tuna akwai na gaba da shi, ruwa ma ya yi masa tsada. Ran da ya manta, ran amininsa ya zama araha. Yowab kuma bai kuɓuta ba don ya ce umarni aka ba shi. Biyayya tana da iyaka. Dokar soja kanta umarnin halal ta ce a bi, manzanni kuma sun koya mana cewa in maganar mutum ta yi karo da ta Allah, ta Allah ce gaba.

Abin da ƙasarmu ta gani

Ba sai mun tafi nesa ba. A daren 15 ga Janairu 1966, Manjo Chukwuma Nzeogwu, wanda ya yi Sandhurst, babban malami kuma a makarantar horar da soja ta Kaduna, ya fita da sojoji da sunan rawar daji ta dare, ya kai su gidan Sardauna Ahmadu Bello, aka kashe shi. Ilmin soja bai gaza masa ba. Ya dai sa kansa bisa doka, ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Jinin daren nan ya jawo na watan Yuli, ya jawo yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Wanda nauyin ƙasa ya faɗo wa a lokacin, Yakubu Gowon, a Wusasa ya tashi, ɗan ma'aikacin mishan, ya yi kwalejin Zariya da a ke kira Barewa, shekararsa 31 da ya hau mulki. A 1967 ya ba sojojinsa dokar yaƙi a rubuce, cewa kada a taɓa mata da yara, kada a kashe wanda ya ajiye makami, kada a ɓata asibiti ko ɗakin sujada ko masallaci. Duk da haka, a watan Oktoba na wannan shekara sojojin tarayya suka harbe ɗaruruwan farar hula a Asaba. Takarda tana Legas, amma bindiga tana hannun wanda ke wurin. Ashe doka mai kyau ba ta da ƙafa sai ta hafsan da ke tsaye a fili. Da yaƙi ya ƙare a Janairu 1970, Gowon ya hana ramuwa, ya ce 'yan'uwa ne suka dawo gida, wannan kuwa ya ceci rayuka masu yawa.

A zamaninmu ma, ran 3 ga Disamba 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom a Tudun Biri cikin ƙasar Igabi, inda maƙwabtanmu Musulmi suka taru don Mauludi. Fiye da mutum 80 suka mutu. Rundunar soja ta amsa cewa kuskure ne, an ɗauka 'yan bindiga ne. Na'ura ba ta yanke shawara da kanta, mutum ne ke cewa a harba. Irin nauyin da ke jiran ɗanmu ke nan.

To, me za mu yi?

Ku iyaye, ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya saba cin zalin ƙannensa a gona, anini ba zai gyara shi ba, sai dai ya ba shi bindiga. Ku koya masa gaskiya a kan ƙaramin abu, canjin kasuwa da awon masara. In ya tafi, ku bar shi da albashinsa.

Ku dattawan ekklesiya, kada ku sallame shi da biki kawai. Ku ɗora masa hannu ku yi addu'a, ku ba shi Littafi Mai Tsarki, ku haɗa shi da faston soja, gama akwai su a bariki. Ku riƙa rubuta masa. In ya zo hutu da kaki, kada ku tashi dattijo daga kujerar gaba dominsa. Bari ya zauna cikin samari, ya tuna shi tunkiya ce cikin garke.

Kai kuma ɗana, ka ji wannan. Ka jure horo ba tare da gunaguni ba. In an wulakanta ka a shekarar fari, kada ka ajiye abin a ranka don ka sauke a kan na baya da kai. Ka san sunan kowane sojanka, ka tabbata ya ci kafin ka ci, kada ka aike shi inda kai ba za ka taka ba. Musulmi ne ko Krista, Bahaushe ne ko Bafillace ko Ibo, amana ne a hannunka, haka kuma mutanen garin da aka kai ka tsaro. Shugabanmu Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, ya kuma riga su zuwa wurin mutuwa. Wanda ya durƙusa a gabansa da safe ba zai yi wasa da ran mutum da rana ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Mai Runduna, ka tsare 'ya'yanmu da ke Afaka da Zariya da Jaji, da waɗanda ke bakin dāga. Ka ba su ƙarfin zuciya da tsoronka. Ka ta'azantar da gwauraye da marayun sojoji, da dukan waɗanda takobi ya cuta ba da hakkinsu ba. Ka ba ƙasarmu salama, domin Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.