Bashin Waƙa

A fadar Damagaram, zamanin Ma'azu Ɗan Alalo, waƙa bashi ce: wanda aka wasa a bainar jama'a sai ya saka da riga ko doki, in ya ƙi ya sha kunya. Yau maroƙi na waƙa ran hawan salla a Zinder, wayoyi na ɗauka, kafin la'asar muryarsa ta kai Kano ta WhatsApp da TikTok. Dubbai sun ji, ba wanda ya miƙa hannu, don ba idon da ya gan su. Ashe kunya ce ke ciyar da maroƙi. Bashin kuwa na nan a wuyan mai saurare, ko da zai fara biya ne da ambaton sunan mai waƙar kafin ya tura ta gaba.