Haƙurin Wa Ake Nema?

A fiƙihun da muka karanta a zaure, an ɗauke wa yaro alƙalami har sai ya balaga. Salla ma koya masa ake yi, ba bashi ake bin sa ba. To, me ya sa idan bala'i ya faɗa masa muke ɗora masa haƙuri, kayan da manya ma ke nishi a ƙarƙashinsa, mu ce ya yi shiru, ƙaddara ce?

Ina koyarwa a wata Islamiyya a bayan garin Katsina. Tun da 'yan bindiga suka fara tashin ƙauyukan Batsari da Jibiya, ajinmu ya cika da baƙin yara. A cikinsu akwai ɗan shekara takwas da ba ya jure ƙarar babur. Mai babur na wucewa abinsa, sai yaron ya saki allo, ya shige ƙarƙashin benci, ya toshe kunnuwa, ya fito wando a jiƙe. Kakarsa ta zo ta durƙusa a ƙofar aji. "Malam, a taimaka a yi masa tofi, iska ce ta taɓa shi. Na ce ya yi haƙuri, ai ba shi kaɗai aka kashe wa uba ba."

Na yi tofin, don addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma maganarta ta ƙarshe ta tsaya mini a rai. Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma Alƙur'ani bai zarge shi da raunin imani ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da ya fi kama ni shi ne labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu. Manzo ya gan shi a takure, bai yi masa wa'azin ƙaddara ba. Ya kira shi da alkunya kamar babba, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Tsuntsu fa! Ina ga yaron da aka harbe ubansa a gabansa? Fiye da shekara dubu da suka wuce, Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya lissafa tsoro da baƙin ciki cikin cututtukan da ake yi wa magani. Ba Turawa suka kawo mana wannan ba.

Haƙurin, a ganina, a wuyanmu yake mu manya: mu jure fitsarin kwance ba tare da bulala ba, mu jure ihun tsakar dare, mu amsa tambaya ɗaya sau goma. Sai dai wannan haƙurin yana buƙatar sani, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware sun yi wa matar da ke neman na tuwon dare nisa.

A nan waya ta yi rana. Wata ma'aikaciyar jinya, 'yar uwar maiɗakina, ta turo mini saƙon murya ta WhatsApp, na kunna wa kakar. Saƙon ya ce kada a tilasta masa ba da labarin abin da ya faru. A tsayar masa da lokacin ci da na barci. Idan ya firgita a riƙe hannunsa, a ja numfashi tare da shi a hankali. A ba shi takarda ya zana abin da ya ga dama. Da aka ba shi, babur ya zana, da mutum uku a kai. Irin haka aka yi wa yaran Siriya da shirin Ahlan Simsim, wanda Sesame Workshop da International Rescue Committee suka fara nunawa a 2020: 'yan tsana masu Larabci suna koya wa yaro faɗin abin da yake ji, da ƙirga zuwa biyar kafin kuka ya ci ƙarfinsa.

Ba na yarda a miƙa wa yaro waya a bar shi da ita. Wayar nan ce ke yawo da hotunan gawawwaki da bidiyon 'yan bindiga suna baje kuɗi a TikTok. Kuma ba ta da tabbas: a Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, watanni kaɗan bayan sace 'yan matan Jangebe. Amfaninta a hannun babba yake, kuma da murya, don yawancin abin da ke intanet Turanci ne a rubuce, kakanninmu kuwa ba su yi boko ba.

Wa'azi kam wayoyinmu sun cika da shi, daga na aure har na siyasa. Abin da nake nema shi ne malami da likita su zauna tabarma ɗaya su ɗauki minti biyar da Hausa, likita ya ce kada a doki mai fitsarin kwance, malami ya ce haka shari'a ma ta ce. Maganar likita kaɗai kakannin nan suna iya kau da kai, amma ba sa musu da malam.