Rufin Da Ƙanƙara Ta Huda: A Wuyan Wa Kuɗin Gyara Yake?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya mana gidaje wurin natsuwa da sutura. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya daɗe a ƙasar nan ya san irin hadarin da kan taso da iska mai ƙarfi, musamman a farkon damina, wanda kafin ruwan ya kankama sai a ji kamar ana jifar kwano da tsakuwa. Abin ba ya daɗewa, amma idan ya wuce sai a tarar an yi ɓarna: kwano ya lotsa, inda tsatsa ta ci ya huje, iska ta ɗage wani gefen, ganyen hatsi ya tsattsage a gona. Allah ya ambaci ƙanƙara da sunanta a cikin Suratun Nur, aya ta 43, bayan ya yi bayanin yadda yake tara gizagizai, ya kuma sanar da mu cewa saukarta a kan wasu da kawar da ita daga wasu duk bisa nufinsa ne. Kuma haka muke gani da idanunmu, domin takan ragargaji unguwa guda ta bar ta kusa da ita ko ɗigo bai taɓa ta ba.

To, wanda ta tsallake gidansa ya kama bakinsa. Akwai masu gaggawar cewa wane ya yi wa Allah laifi ne shi ya sa rufinsa ya tafi. Wannan magana ce ba da ilimi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri (R.A.) cewa masallacin Manzon Allah (S.A.W.) da kansa, wanda aka rufe da zarban dabino, ya yi yoyo a cikin watan Ramadan, har aka ga alamar ruwa da taɓo a goshinsa mai albarka bayan salla. Wane rufi ne ya fi wannan daraja a bayan ƙasa? A damanar 2024 kuma, wadda ruwanta ya ci rayukan mutane fiye da 300 a Nijar, tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba. Jarrabawa ce, tana samun na kirki da wanda ba na kirki ba. Abin da ke kan wanda ta sama shi ne istirja'i da haƙuri. Abin da ke kan sauran jama'a kuwa shi ne muke son mu tsaya a kansa, domin shi ne aka fi sakaci da shi.

Mu fara duban nauyin abin. Mai ɗakin kwano ba kwano kaɗai zai saya ba. Akwai ƙusa, akwai katakon da ya karye ko gara ta riga ta cinye shi ba a sani ba sai da aka buɗe, akwai ladan kafinta da yaransa, akwai kuɗin amalanken da zai kawo kaya daga kasuwa. Kwanon da ƙusar kuma kayan waje ne, ko dai an shigo da su a ƙere ko an shigo da ƙarfen da aka yi su, saboda haka duk abin da ya taɓa kuɗi ko iyaka sai ya taɓa su. Dattawa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Matasa kuma sun ga yadda kaya suka yi tsada a 2023 da aka rufe iyakoki. Mai ɗakin soro shi ma bai tsira ba. Ƙanƙara takan farfasa yaɓen sama, ruwa ya sami hanya, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta fara ruɓewa, ga azarar giginya ba ta samuwa da arha, tun daga wajajen Gaya ake ɗauko mai kyau. Sa'an nan duk wannan yana faɗowa ne a lokacin da ya fi kowane tsanani ga talaka: rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ɗan abin da ke hannu an zuba shi a iri da noma. Rufi kuma ba ya jiran kaka. Wani hadarin yana tafe gobe ko jibi.

Shari'armu ba ta bar irin wannan asara a wuyan mutum ɗaya ba. Malamai suna kiran bala'in da ya sauko daga sama ba da hannun kowa ba da suna ja'iha. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani zai tuna cewa idan mutum ya sayi ƴaƴan itace tun suna bisa, sai ƙanƙara ko fara ta lalata sulusinsu ko fiye, to ana sauke masa gwargwadon wannan daga cikin kuɗin, mai sayarwa ya ɗauki rabonsa na asarar. Asalin hukuncin yana cikin hadisin Jabir (R.A.) wanda Muslim ya ruwaito. Wannan hukuncin ciniki ne, ba za mu ɗauke shi mu ɗora a kan rufi kai tsaye ba, amma yana nuna mana inda addini ya fuskanta. A wani hadisin na Muslim, Manzon Allah (S.A.W.) ya lissafa wa Ƙabisa ɗan Mukhariƙ (R.A.) mutum uku da roƙo ya halatta gare su, ɗayansu shi ne wanda ja'iha ta cinye dukiyarsa, har ya sami abin da zai miƙe da shi. Idan an halatta masa ya roƙa, ashe an ɗora wa wasu su ba shi. Mafi kyau ma a kai masa tun bai buɗe baki ba, domin akwai magidanta da yawa da za su kwana suna tarar ruwa da kwarya da tasa, iyalinsu a takure a lungu guda, amma kunya ba za ta bar su su faɗa wa kowa ba.

Inda rigima ta fi yawa a birane, Maraɗi ko Tawa ko Yamai, shi ne gidan haya. Ɗan haya ya ce mai gida ya gyara, mai gida ya ce shi bai aiko ƙanƙara ba. Ga abin da littattafan mazhabarmu ta Malikiyya suka tabbatar. Ɗan haya ba ya biyan ɓarnar da ba shi ya yi ta ba, gyaran rufi ba ya kansa. Mai gida kuma, bisa maganar Ibnul Ƙasim wadda Shaihu Halil ya bi a Mukhtasar, ba a tilasta masa gyara, ko da yake wasu malaman mazhaba sun ce a tilasta shi. Amma idan ɓarnar mai cutarwa ce, kuma yoyon rufi shi ne misalin da Halil ya kawo, to ɗan haya yana da zaɓi: ya warware hayar ya tashi, ko ya zauna. In ya zaɓi zama, kuɗin haya yana kansa cikakke. Saboda haka wanda ya ce zai zauna cikin gidan amma ba zai biya ba sai an gyara, ya ɗauki hukunci a hannunsa. Wanda kuma ya sayo kwano ya rufe ba da izinin mai gida ba, sa'an nan ya ce zai cire daga kuɗin wata, ya jawo wa kansa gardama. Hanya mai sauƙi ita ce su zauna su biyu, mai gida ya yi izini, a faɗi adadin da za a kashe da yadda za a riƙa cirewa, a rubuta, a sa shaidu biyu. Ku kuma masu gidaje, kada ku fake da cewa ba a tilasta muku. Hukuncin alƙali daban, abin da za ka tarar gaban Allah daban. Kana karɓar kuɗin mutum duk wata kana sane da cewa ƴaƴansa a jiƙe suke kwana, ka kuma san ba shi da inda zai koma a tsakiyar damina, wannan zaɓin da aka ba shi ya zama suna kawai.

Gidan gado da ba a raba ba, gyaransa yana kan magada gwargwadon rabon kowa, ba a kan wanda ke zaune ciki kaɗai ba, balle a bar shi a kan gwauruwar da ke riƙe da marayu. Kuma wurin kwana haƙƙin mace ne a kan mijinta. Akuyarta da ɗan kunnenta da kuɗin adashinta dukiyarta ce. In ta bayar da daɗin rai Allah ya saka mata, in ta ba da rance a biya ta, amma miji ya kama dabbarta ya kai kasuwa don ya rufe ɗakin da shi aka wajabta wa rufewa, wannan ƙwace ne ko da a cikin gida aka yi shi.

Yanzu ga ƴan kasuwa. Ba mu ce kowane tashin farashi zalunci ne ba. Wanda ya sayo da tsada dole ya sayar da tsada. Muna magana ne a kan wanda kayansa ke jibge a shago tun rani, da ya ji an yi ƙanƙara a gari sai ya wayi gari ya ƙara kuɗi, ko ya kulle kayan ya ce sun ƙare yana jiran su ƙara hawa. Muslim ya ruwaito daga Ma'amar ɗan Abdullahi (R.A.) cewa mai ɓoye kaya mai saɓo ne, kuma Imamu Malik bai taƙaita wannan ga abinci ba, ya haɗa da duk abin da ɓoye shi ke cutar da mutane a kasuwarsu. Haka nan mai miƙa kwano marar kauri a kuɗin mai kauri don ya ga mai saye bai san bambanci ba. Haka nan kafintan da zai ce gaba ɗaya rufin sai an sauke alhali ya san rabinsa lafiya lau yake, ko ya rage haɗin da ke tsakanin falle da falle don ya ɓoye guda biyu, ko ya buga ƙusa a kwarin kwano inda ruwa ke bi maimakon a kan tudunsa. Mai gida ba ya hawa sama ya duba, sai ruwan farko ya tona asiri. Ku tuna da mai abincin nan da Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannu cikin tarin kayansa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma yi masa gargaɗi mai tsanani a kan algus. Shi ma da ruwan sama ya kafa hujja, ba a karɓa masa ba.

Mafi muni daga cikinsu shi ne mai ba da bashi da ƙari. Mutum ya zo maka rufinsa a buɗe, ka ba shi jika hamsin a kan ya maido sittin da kaka. Ko ka karɓi gonarsa jingina kana nomawa kana cin amfaninta shekara da shekaru, bashin kuma yana nan bai ragu ba. Duka biyun riba ce, domin rance ne ya jawo wa mai shi amfani. Gonaki nawa suka bar hannun masu su ta wannan hanya saboda buƙatar kwana ɗaya! Allah ya yi umurni a Suratul Baƙara, aya ta 280, da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ya kuma nuna cewa yafewa ta fi.

Kai ma wanda abin ya sama, akwai naka. Kwanon da ya lotsa bai huje ba yana nan da amfaninsa, muninsa kawai ido ke gani, kada ka ci bashi don maƙwabta su ga rufinka yana ƙyalli. Ƙaramin huji ana toshe shi da kwalta ya kai ka kaka. Ka fara da ɗakin da yara da tsofaffi ke kwana. Tsohon kwanon da ka sauke kuma kada ka bar shi yana tsatsa a bayan gida, akwai wanda zai rufe madafa da shi ya yi maka addu'a. In gyaran ya buƙaci a ɗora katako a kan katangar maƙwabci, to maƙwabci ya sani Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Huraira (R.A.) cewa an yi hani da hana wannan.

Saura mu jama'ar masallaci. Manzon Allah (S.A.W.) ya yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa (R.A.), saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa wuri guda su raba daidai, har ya danganta kansa da su. Iyayenmu sun san wannan da sunan gayya: a da, jinkar mutum ba ta kwana biyu a ƙasa, samarin unguwa sun taru sun ɗora ta. Da kwano ya zo, sai aikin ya koma na kuɗi, gayya ta ja da baya. Amma kuɗin ma ana yi masa gayya. Mata sun riga mu ganewa, tun da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 suke tara ɗan kaɗan duk mako. Mu yi lissafi. Masallacin da ke da magidanta 200, in kowa ya sa dala ashirin duk Juma'a, an sami jika 20 a mako. Juma'a 30 daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, jika 600 ke nan, ba wanda ya ji a jikinsa. A damƙa asusun ga mutum uku amintattu, a rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a duk wata, domin rashin bayani shi ke kashe irin wannan aiki. Mai hali a ba shi rance ba ƙari ya biya da kaka, marar hali a ba shi kyauta. Masu fitar da zakka kuma su sani, matalaucin da rufinsa ya tafi, da wanda bashin gyara ya danne shi, suna cikin waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, a miƙa musu a hannunsu su yi gyaran da kansu. Kafintoci da magina da ke sahu tare da mu, wanda ba shi da kuɗin sawa ya ba da aikin yini ɗaya. Kuma duk ranar da aka yi ƙanƙara ko iska, bayan sallar asuba liman ya tashi mutum biyu su zaga unguwa gida gida, su fara da gidajen gwauraye da tsofaffi da waɗanda mazajensu suka tafi cin rani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga sharrin iska da abin da take ɗauke da shi, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Amin.