Mai duban gobe ya rasa dogara ga Allah ne?

Ƴan'uwa masu karatu, ga wata tambaya. In mutum yana tunanin gobe, ya rasa dogara ga Allah ke nan? Wasu suna cewa i. Suna cewa gobe ta Allah ce, ina ruwanka da ita? Amma Kiristocin da muke zaune da su a Maradi, Tsibiri, Danja da Galmi ba haka suke gani ba. A wurinsu duban gaba shi ke ƙara wa bangaskiya ƙarfi.

Mu ɗauki misali da iri. A shekarar yunwa, kamar 1984, rumbu ya kusa ƙarewa, yara suna kuka. Duk da haka mai gida ya ware damen iri, ya hana a daka shi. Ba shi da iko da ruwan sama. Yana dai sa rai Allah zai kawo damana. Wanda ya cinye irinsa, shi ne ya fid da rai.

Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin Yusufu a ƙasar Masar. Ya tara hatsi shekara 7 na ƙoshi, domin shekara 7 na yunwa. Allah ne ya nuna masa abin da ke tafe, shi kuma ya tashi ya yi aiki.

Wani zai ce: "To, wanda ya aje iri, ya shibka, ruwa ya ɗauke fa?" Gaskiya ne, hakan yana faruwa, kuma da ciwo. Kirista bai ce gobe za ta zo yadda yake so ba. Abin da ya riƙe shi ne, Yesu Almasihu ya mutu ran Juma'a, ya tashi ran Lahadi. Saboda haka yana ganin wahala ba ita ce maganar ƙarshe ba, ko mutuwa ma. Shi ya sa in ya yi hasara bana, yakan sake shibka baɗi.

An ga irin wannan a ƙasar Maradi. Wani Kirista mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dashen itatuwa, galibinsu suna mutuwa. A 1983 ya kusa karaya, ya roƙi Allah. Sai ya lura ƴan tsiron da ake sassabewa a gonaki kututture ne masu saiwa da rai a ƙasa. Manoma kaɗan suka yarda suka bar rassa masu ƙarfi, suka yanke sauran. Da farko an yi masu dariya. Daga baya dabarar ta bazu, Musulmi da Kirista suka kama ta. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a Nijar ta wannan hanya.

Sai dai a rarrabe duban gaba da damuwa. Mai damuwa yana kwana ido biyu, kamar duniya a kansa take. Mai sa zuciya ga Allah yakan yi abin da ke hannunsa, ya bar wa Allah sauran, ya yi barci.

Ɗan'uwa, in ka shiga gonarka bana ka ga tsiron kalgo ko gawo, ka dakata kafin ka sare shi. Wataƙila jikanka ne zai sha inuwarsa.