Tsohon Katako da Gwiwar da Ta Hau Shi

A ƙauyukan da ke gindin tsaunukan Alps, daga Tirol ta Austriya har zuwa Suwizalan, da wuya ka shiga masaukin baƙi ko gidan abinci ba ka tarar da dogayen katakai biyu an gicciya su a bango ba. Katakon zamiya ne, wanda mutanen can ke ɗaurawa a ƙafa su gangaro daga tsauni a kan dusar ƙanƙara. Matsa kusa ka duba, ɗan'uwa. Tsawonsa ya haura mita biyu, domin a da mutum kan miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama, inda tafinsa ya kai nan ne tsawon katakonsa. Icen ya yi duhu saboda kaki da ƙaron da aka yi ta shafa masa. A gefensa an jera siraran ƙarafa guntu-guntu, kowanne an kafe shi da ƙananan sukurori, wasu sun zube sun bar ramuka. A tsakiya, inda takalmi ke zama, fentin ya goge, icen ya yi ɗan kwari. Nauyin wani bawan Allah ne ya yi wannan kwarin, hunturu bayan hunturu. Ka tambayi mai masaukin ko na wane ne, sau da yawa shi ma bai sani ba, a gwanjo ya saya.

Kayan nan suna da masoya, kuma son ba na wasa ba ne. Akwai masu cika ɗaki guda da su, akwai masu kwana a intanet suna neman maɗaurin takalmin da aka daina ƙerawa tun kafin a haifi 'ya'yansu. A ƙarshen hunturu, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, wuraren wasa da dama a Turai da Amurka kan ware rana guda a fito da tsofaffin kaya, a saka riguna masu ihun launi na shekarun 1980, a gangaro ana dariya. Dattawan cikinsu suna jero sunaye kamar masu kirari: Kneissl White Star, Rossignol Strato, Head Standard, Look Nevada. Ƙorafinsu ɗaya ne. Tun da aka kawo gajerun katakai masu siririn ƙugu a shekarun 1990, irin Elan SCX na ƙasar Sulobeniya, katakon ne ke juyawa da kansa, ɗan koyo na kwana uku sai ya ga kamar ya iya. A zamaninsu kuwa, in ji su, sai ka ci wuya kafin tsauni ya yarda da kai.

Wuyar kam an ci ta. Maɗaurin da ya yi tashe daga shekarun 1930, mai suna Kandahar, waya ce mai sifirin da ke zagaye dunduniya ta danne ta, gaban takalmin kuma yana cikin muƙamuƙin ƙarfe. Yana riƙe ƙafa da kyau, sai dai ba ya saki. Idan mutum ya faɗi katakon ya murɗe, doguwar sandar nan ta mita biyu takan murɗa ƙwauri har ya karye. Masu wasan da kansu suka raɗa wa irinsa suna tarkon beyar. Wani ɗan Norwe mazaunin Portland a jihar Oregon, Hjalmar Hvam, ya karye a 1937, yana kwance a asibiti dabarar maɗauri mai sakin ƙafa ta faɗo masa, ya fito da shi kasuwa a 1939. Takalman kuwa na fata ne masu igiya, su jiƙe da rana su daskare da yamma, a ɗaure su da yatsun da sanyi ya kashe. Wanda ya ce waɗannan kayan sun fi na yau kyau, a gaskiya ya manta da asibiti.

Abin dariya ma, kayan da ake kuka a kansu yau su ne aka raina jiya. Howard Head injiniyan jirgin sama ne a Baltimore. Ya je koyon zamiya ya sha faɗuwa, ya ɗora laifin a kan katakon, ya koma gida ya yi ta gwaji da alminiyum har ya fito da Head Standard a 1950. Ƙwararrun lokacin suka ce kayan maguɗi ne, don ya sauƙaƙa juyi fiye da kima. Maganar da dattawan yau ke faɗa wa jikokinsu, ita aka faɗa musu suna samari.

Head ya rasu a 1991. Hvam a 1996. Hannes Schneider, malamin St. Anton da ya koya wa rabin duniya yadda ake gangarowa, wanda 'yan Nazi suka ɗaure a 1938 kafin ya samu ya tafi Amurka, ya rasu tun 1955. Sunan Head na nan rubuce a kan kayan wasa a shaguna, yaro ya saya bai ma san sunan mutum ba ne.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini shi ne Sondre Norheim, talakan ƙauyen Morgedal a yankin Telemark na Norwe, da aka haifa a 1825. Shi ne ya shahara da murɗa saiwar ice ya zagaya da ita bayan dunduniya, abin da ya ba shi damar juyi da tsalle katakon bai kuɓuce ba. A 1868, yana da shekara 42, ya je Christiania, wato Oslo ta yau, ya kayar da samarin birni a gasa. Suna ya samu, arziki bai samu ba. A 1884 talauci ya kore shi zuwa Amurka, ya ƙare a Dakota ta Arewa, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ido ke gudu bai ci karo da tsauni ba. Can ya rasu a 1897, aka binne shi kusa da Denbigh, kabarin ya yi shekaru masu yawa babu ko alama. Bayan haka ne duniya ta tuna da shi: sau uku ana kunna wutar gasar Olamfik ta hunturu a gidan da aka haife shi, a 1952 da 1960 da 1994. Girmamawar ta zo, mai ita ya daɗe da zama ƙasa. Allah Ya sa mu dace.

To, me dattijo yake nema in ya shafa tsohon katakonsa? Ba na jin icen ne. Yana tuna gwiwar da ke lanƙwasawa ba ta yi ƙara ba, da abokan da suka cika mota ɗaya tun asuba, waɗanda yanzu rabinsu sai dai a hoto. Kamar sirdin kaka ne da ke rataye a zaure, doki ya mutu, mahayi ya bi, jika yana share masa ƙura. Ba na ganin laifin wannan bege, mutum ne, kuma wanda bai taɓa kewar ƙuruciyarsa ba bai more ta ba. Inda abin ke zama asara shi ne mutum ya ɗauka ƙarfin yana cikin kayan, in ya sake ɗaura su zai dawo.

Toni Sailer na Kitzbühel yana ɗan shekara 20 ya kwashe lambobin zinare uku a gasar Olamfik a Cortina ta Italiya a 1956, da takalmin fata, a wata tseren ma ya ba na biyu tazarar fiye da daƙiƙa shida. Ya yi fim, ya yi waƙa, ya tsufa cikin mutunci, ya rasu a 2009 yana da 73. Shi an ba shi tsawon rai. Buddy Werner na Amurka bai samu ba, dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi kusa da St. Moritz a 1964, yana da 28. Ulrike Maier ta Austriya, mai 'ya ƙarama, ta rasu bayan ta faɗi a kan hanyar tsere a Garmisch a 1994 tana da 26. Tsaunin bai duba lambar yabo ba.

Labarin Bill Johnson kuwa ya fi nauyi, don shi ya gwada komawa baya da jikinsa. A 1984 a Sarayebo, yana da shekara 23, ya faɗa wa 'yan jarida tun kafin tsere cewa shi zai ci, ya kuma ci, ya zama namiji Ba'amurke na farko da ya ɗauki zinare a gangaren tsauni a Olamfik. Bayan nan tauraronsa ya dushe, rayuwa ta yi masa tsanani. Yana da shekara 40 ya ce zai dawo, yana hangen gasar 2002. A watan Maris na 2001, a Montana, ya faɗi cikin gudu ya bugu a ka, ya yi kusan mako uku bai san inda yake ba. Ya farfaɗo, amma bai koma yadda yake ba, ya ƙare a gidan kula da marasa lafiya, ya rasu a 2016 yana da 55. Ba don a zarge shi na kawo wannan ba. Wa ya tsira daga wannan ruɗin, ko da bai taɓa ganin ƙanƙara ba?

Kayan su ma suna da nasu ajalin. Takalman roba da suka kori na fata a shekarun 1960, in sun daɗe a ɗakin ajiya sai robar ta bushe, mutum ya saka ya taka ta tsage a ƙafarsa. A Amurka kamfanoni kan fitar da jerin maɗauran da har yanzu suke tsaya musu, wanda ya fita daga jerin kuwa, yawancin shaguna ba za su taɓa shi ba, ko mai shi ya rantse sabo ne a kwali. Har tsaunin ma bai tabbata ba. A Chacaltaya ta Bolibiya, sama da mita 5,000, an yi shekaru ana zamiya a kan daskararriyar ƙanƙarar da ta girmi duk wani gari na ƙasar. Zuwa 2009 ta narke ƙarƙaf, duwatsu kawai suka rage.

Akwai wata 'yar takarda da ake cikewa a shagon gyara kafin a saita maɗauri na zamani, kuma ina ganin ta fi dogon jawabi faɗakarwa. Mai gyara zai tambayi nauyinka, da tsayinka, da tsawon takalminka, da yadda ka iya, sannan ya tambayi shekarunka. In ka kai 50, ƙa'ida ta ce ya sassauta maɗaurin da mataki guda, ya riƙa sakin ƙafarka da wuri, domin ƙashinka ba zai ɗauki abin da yake ɗauka a da ba. Sassaucin nan shi ne dai ake yi wa yaron da bai kai shekara 10 ba. Ba ruwan ƙa'idar da cewa kana ji da ƙarfi, ko ka taɓa cin gasa, ko jiya ma ka riga ɗanka sauka. Mai gyaran, wanda galibi sa'an ɗanka ne, zai duba takardar ya ɗauki sukuddireba ya murɗa baya. Ba ya neman takardar haihuwa, abin da ka rubuta da shi zai yi aiki. Wanda ya rage shekara biyar don kunya, za a ɗaure masa maɗaurin tamau yadda ya nema, ya sa hannu a ƙasan takardar, ya ɗauki kayansa ya nufi tsauni.