Wutar Gida Da Kujerar Majami'a

'Yan'uwa masu bi, akwai wani ma'auni da ya shigo cikin ekklesiya ba sallama, ya kamata mu dube shi tare. A zamanin iyayenmu a ƙasar Kende, da rumbu ake sanin mai hali, da shanunsa, da jirginsa a bakin kogi. In rana ta faɗi kuwa, aci-balbal iri ɗaya ce a gidan mawadaci da na talaka. Yau da dare wuta ce ke rarrabe mutane. Wannan gida inji yana ruri, wancan an kafa faifan sola bisa kwano, na ukun kuma sai hasken wayar hannu, ita ma sai da aka biya kuɗin caji a kasuwa. Abin mamaki, tun 1968 da aka gama madatsar Kainji, ruwan Kwara da ke wucewa ta ƙasar Bagudo shi ke haskaka manyan birane, ƙauyuka da yawa na bakin ruwan kuwa suna kwana cikin duhu.

Akwai ƙaramin injin nan da mutanen kudu suka sa wa suna "na fi maƙwabcina." Da wasa aka sa sunan, amma ya tona abin da ke cikin zuciya.

Ku tuna kwanakin da fetur ya fi araha a nan bisa Benin. Samarinmu suna ɗaure jarkoki a babur, su nufi wajen Lolo da Tsamiya da dare. A 2019 gwamnati ta rufe iyaka, ta kuma hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyakar. Wanda ya yi gida da wannan ciniki muka ce Allah ya sa masa albarka, muka karɓi baikonsa, ba mu tambaye shi kome ba. Mu masu wa'azi ma muka yi shiru, gama shi ke sayen man injin majami'a. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Manomin shinkafar rani da ba shi da kuɗin man injin ban ruwa ya rage gonarsa, mai famfon sola ya ƙara tasa. Yanzu har wajen neman aure ana tambaya ko akwai wuta a gidan.

Manzo Yaƙub, cikin sura 2 ta wasiƙarsa, ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga taron masu bi, ɗaya da zoben zinariya, ɗaya da tsumma. Aka ba na farin wurin zama mai kyau, na biyun aka bar shi tsaye. Manzon ya kira wannan tara, ya kuma ce zunubi ne. Zoben zamaninmu galan na fetur ne. Ba mu ce laifi ne mutum ya sa wuta a gidansa ba. Haske alheri ne, yara suna karatu da shi, ungozoma tana aiki da shi. Amma mu bincika. In za a zaɓi dattijon ekklesiya, halinsa muke dubawa, ko injinsa? Gwauruwar da ke zuwa addu'ar asuba da tocila, yaushe aka taɓa neman shawararta? Sau nawa aka ɗaga taron addu'a domin babu man amsa-kuwwa, alhali mutum 30 ne kawai, kowa yana jin muryar ɗan'uwansa?

Ga abin da muke roƙon dattawan kowace ekklesiya su zauna a kansa cikin watan nan. Kuɗin mai ya fito daga baikon jama'a duka, a daina kiran sunan mai saye daga bagade. Inda majami'a ke da sola, a buɗe ɗaki da maraice domin 'yan makaranta, na masu bi da na maƙwabtanmu Musulmi, gwauraye kuma su yi cajin wayarsu kyauta.